"Kun Gane?" "Mun Gane!": Bakin Yaro da Kunnensa a Ajin Firamare

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tagar ajin firamare da hantsi, a Kano ne ko Gusau ko Azare, ya san wannan amo. Malam ya faɗi jimla, yara su ɗauke ta gaba ɗaya da ƙarfi har kwanon rufin ajin ya amsa. Ya sake faɗa, su sake ɗauka. Can sai ya dakata ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa da murya ɗaya, "Mun gane!" Ya ce, "Akwai mai tambaya?" Su ce, "Babu!" Daga nan sai a juya ga allo, a shiga kwafa har a tashi tara.

Mai wucewa zai ce karatu na tafiya. Uban da ya rako ɗansa ma zai koma wurin sana'arsa da kwanciyar hankali, tunda ya ji makaranta na amo. To amma a ja yaro ɗaya daga cikin masu amsawar nan gefe, a ce ya faɗa da bakinsa abin da aka koyar yanzu-yanzu. Sau da yawa sai ya sunkuyar da kai, ya kama murza bakin rigarsa, ya yi shiru har a gaji a sallame shi. Yakan yi zango guda cur yana ɗaga murya a aji ba tare da ya taɓa ƙulla jimla ɗaya tasa ta kansa ba.

Yaron nan kuwa bakinsa garau yake. Bi shi bayan an tashi ka ji yadda yake kafa hujja a kan ƙwallon da aka ce ta fita alhali ba ta fita ba. Ka ji ƙanwarsa tana ba uwarsu labarin faɗan da aka yi a bakin famfo, tana kwaikwayon muryar kowa, ba ta tsallake ko da harara ɗaya. Yarinyar da ake ce wa daƙiƙiya a aji uku ita ce da yamma ke ciniki da manya a kan farantin talla, ta yi lissafin canji da ka, ta san wanda za ta ba bashi da wanda za ta hana. Wannan baiwa da ita yara ke zuwa makaranta kowace safiya, kuma a bakin ƙofar aji ake karɓe ta.

'Yan amshi

Masu bincike sun daɗe da lura da haka. A 2008 Frank Hardman da abokan aikinsa sun wallafa nazarin da suka yi a azuzuwan firamare na Najeriya, inda suka bi darussa suna duba wa ke magana, kuma wace irin magana ce. Sun tarar bayanin malam da amshin taron aji su ne suka cinye darasi. Da wuya yaro ya yi tambaya, idan kuma aka tambaye shi, amsar ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu da ya haddace. Wani masanin harshe a Afirka ta Kudu, Keith Chick, ya ga irin wannan a makarantun baƙar fata na zamanin wariyar launin fata, ya kuma gano dalilinsa. Amshin taro rufin asiri ne. Malam ba ya son a ga bai iya harshen da aka ɗora masa koyarwa da shi ba, yara ba sa son a ga ba su fahimta ba, sai kowa ya rufa wa kowa asiri da "mun gane".

Ban ɗora wa malamin laifi shi kaɗai ba, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli ba zai ɗora masa ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A makarantun gwamnati da yawa na cikin birane aji ɗaya na ɗaukar ninki biyu ko uku na wannan, wasu a benci, wasu a kan buhu, wasu a dandaɓar ƙasa. Littafi babu, albashi bai kai wata ba, ga manhaja da mai duba makarantu zai zo ya tambayi inda aka kwana a cikinta. A irin wannan hali amshin taro shi ne hanya mafi sauƙi ta riƙe yara ɗari wuri ɗaya. Shi malamin ma haka aka koyar da shi. Sai dai sauƙin hanya bai hana ta mai da 'ya'yanmu 'yan amshin Shata ba.

Wani zai ce, yara ba su iya karatu da rubutu ba, ana maganar magana? Gaskiya ne matsalar karatu ta kai intaha. Gwajin da aka yi wa 'yan firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2013 ya nuna mafi yawan 'yan aji biyu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Amma wannan matsala da ta rufe bakin yara cikinsu ɗaya. Tun 1986 masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar karatu na tsaye ne a kan ƙafa biyu: iya haɗa baƙi da wasali a furta kalma, da fahimtar harshen idan an ji shi da kunne. Suka ce ninka su ake yi, wato idan ɗaya sifili ne, sakamakon ma sifili ne. Mu da muka tashi muna karanta Larabci tiryan-tiryan tun kafin mu san ma'anarsa, ba ma bukatar dogon bayani a kan bambancin iya furtawa da fahimta. Yaron da ba a saba masa da jin labari ya bi zarensa ba, wanda kalmominsa kaɗan ne, ko ya iya haɗa baƙi zai karanta shafi ya tashi hannu wofi.

Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa da aka yi a shekarun baya sun san da wannan. "Mu Karanta!" da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA da ya fara a Katsina da Zamfara, duk sun sa malami ya riƙa karanta wa yara labari a fili yana yi musu tambayoyi a kansa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, idan kuɗin masu ba da tallafi ya ƙare, wannan sashe na hira shi ne yakan fara zubewa, don ba ya barin alama a littafin yaro da za a nuna wa mai dubawa.

Abin da kaka ta sani

Akwai masu cewa al'adarmu ce ta hana yaro magana. Da ƙamshin gaskiya a ciki. An hore mu da kada mu sa baki idan manya na magana, kada mu haɗa ido da babba, kada mu mayar da magana. Yaro mai yawan tambaya akan ce ya cika rawar kai, yarinya mai baki akan ce ba ta da kunya. Ba na cikin masu son a zubar da wannan tarbiyya, don a cikinta akwai horon sauraro da haƙuri da sanin girman mutane wanda al'ummai da yawa ke nema ido rufe. Amma wanda ya ce al'adar Bahaushe shiru kawai take koya wa yaro, rabinta ya gani. Ita al'adar da ta hana shi magana a zauren manya, ita ce ta gina masa nasa fagen, ta kuma tsara shi da kyau.

Ɗauki aike. Uwa ta kira yaro ɗan shekara shida ta ce ya je gidan gwaggonsa, ya gaishe ta, ya tambayi jikin jariri, ya ce a ba shi rariya da ragowar kuɗin adashi, ya kuma tambayo ranar suna. Saƙo huɗu ke nan ko biyar. Dole ya saurara, ya riƙe a ka, ya yi sallama, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta dace, ya isar da saƙon a jere, ya ɗauko amsa ya dawo da ita ba ragi ba ƙari. Idan ya manta ɗaya, ƙafarsa ce za ta biya. Babu darasin sauraro a manhajar kowace ƙasa da ya fi wannan tsari. Yau wayar hannu ta karɓe rabin aiken nan, uwa ta buga wa gwaggo a minti ɗaya, kuma ba mu lura cewa wata makaranta ce aka rufe ba.

Sai tatsuniya, wadda na fi son in daɗe a kanta. Mai bayarwa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," ba ta ci gaba sai an amsa mata, "Ta zo mu ji ta." Tun daga buɗewa an ƙulla alkawari tsakanin baki da kunne. Idan an zo waƙar da ke cikin labarin, kowa ya karɓa. Idan kaka ta gama tata, sai a ce wane, kawo taka. Yaro ya fara ba da labarin Gizo da Ƙoƙi, ya tsallake inda Gizo ya yi wa kura wayo, nan take 'yan'uwansa su tare shi, "Ba haka ba ne, ka manta!" Ya koma ya gyara. A zama ɗaya ya koyi jera al'amura daga farko zuwa ƙarshe, ya koyi riƙe hankalin masu sauraro, ya koyi karɓar gyara, su kuma sun koyi sauraro irin na mai neman kuskure. Kafin a kai ga tatsuniyar ma an sha kacici-kacici: baba na ɗaka gemu na waje, mene ne? Wanda ya kasa ya ba da gari. An yi gasar karya harshe da kwaɗo da ƙato da ƙoto, an yi zaurance, an ji karin magana a bakin tsohuwa an tambaye ta ma'anarsa. Ba banza ba Abubakar Imam ya sa wa littafin da ya rubuta domin makarantu a shekarun 1930 suna Magana Jari Ce, ya kuma gina shi a kan aku mai riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare. Ibrahim Yaro Yahaya ma da ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni, ajin firamare yake hange.

Makarantar allo tana da nata rabon. Kunnen da ya saba bambance dogon wasali da gajere a bakin malam, ya biya, a gyara masa, ya sake biyawa, kunne ne da ya sha horo. Abin da ba ta ɗauki nauyinsa ba, don ba aikinta ba ne, shi ne sa yaro ya tsara tunaninsa ya faɗa da kalmominsa. Wannan dandali da tsakar gida ke yi.

Yanzu tsakar gidan ta yi shiru ta wani fanni. Bayan sallar isha'i idanun kowa na kan talabijin ko waya, fina-finan Indiya na fassara suna ta zuba. Yaro na jin Hausa mai yawa, amma ba mai jiran amsarsa. A 2018 wata mai bincike a Amurka, Rachel Romeo, da abokan aikinta sun auna yara 'yan shekara huɗu zuwa shida, suka gano cewa abin da ya fi alaƙa da ƙarfin harshensu da motsin sashen magana na ƙwaƙwalwarsu shi ne yawan musayar zance da babba, ka faɗa in faɗa, fiye da yawan kalmomin da ke zuba a kunnensu. Allon waya ba ya yin wannan musaya. Tunda gida ya rage nasa, nauyin da ke kan makaranta ya ƙaru, ita kuwa ba ta shirya ba.

Da wane harshe?

Na yi monita a aji huɗu. Idan malam ya fita, aikina rubuta sunayen masu surutu da masu yin Hausa. Akwai wata yarinya da sunanta ba ya barin takardata. Sai da na girma na tsaya na tuna abin da take faɗa a lokacin: lissafin da aka yi a allo take warware wa na kusa da ita da Hausa, don ita ta gane, su ba su gane ba. Ta sha kamun kunne da bulala saboda rubutun hannuna. Kafin shekara ta ƙare ta daina, ta zama mai ladabi irin wanda ake so, ba a ƙara jin muryarta ba. Har yau abin yana ci mini rai. Mun hukunta koyarwa mafi amfani da ake yi a ajin nan.

Maganar harshen koyarwa ta daɗe tana kai-komo a Najeriya. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin, daga baya aka fayyace cewa shekara uku na farko ke nan, Turanci ya karɓa daga aji huɗu. A Nuwamba 2022, lokacin Malam Adamu Adamu na ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a yi shekara shida na firamare da harshen uwa. A Nuwamba 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci. A tsakanin waɗannan sanarwoyi, malamin ƙauye yana nan yana abin da ya saba: ya karanta da Turanci, ya fassara da Hausa, yara su amsa da "yas sa".

Hujjar da ke hannu ba ɓoyayyiya ba ce. Daga 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su a darussa da dama. A Nijar tun 1973 aka fara irin wannan gwaji da Hausa a Damagaram. A nan Arewa ma, mutanen da ake misali da Turancinsu, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, sun taso ne a zamanin da karatun farko da Hausa ake yin sa, sannan Kwalejin Katsina ta ɗauke su ta hore su furucin Turanci baki da baki. Ra'ayina a nan a fili yake. Iyaye suna da gaskiya da suke son 'ya'yansu su iya Turanci, don shi ne harshen jarrabawa da ofis. Amma harshe da yin sa ake iya shi, kuma yaron da aka hana shi tunani a fili da harshen da yake da shi ba zai yi da wanda bai mallaka ba. Kowace takarda aka sa wa hannu a Abuja, a bar yara su tattauna da Hausa su gane, sannan a taimake su su faɗi abin da suka gane da Turanci. A kuma tuna cewa a azuzuwa da yawa na Adamawa da Borno da Neja da kudancin Bauchi, akwai yaran da Hausar ma baƙuwa ce a bakinsu, da Fulatanci ko Barbarci ko Nufanci suka tashi.

Abin da za a iya yi da yara ɗari

Lissafi ne mai sauƙi. Darasin minti 35, yara 100. Ko malam bai ce uffan ba, aka bi su ɗaya bayan ɗaya, sakan 21 kowane yaro zai samu. Saboda haka ɗaga hannu a kira mutum ɗaya ba zai taɓa wadatarwa ba, kuma kullum yara biyar ɗin nan na gaba ne za su amsa. Dabarar da Frank Lyman na Jami'ar Maryland ya tsara a 1981 ta fi dacewa da mu fiye da ƙasar da aka ƙirƙiro ta. Malam ya jefa tambaya, kowa ya yi tunani shiru na ɗan lokaci, sannan ya juya ga na kusa da shi su tattauna, sannan a zaɓi wasu su faɗa wa aji. A minti biyu yara hamsin sun yi magana, hamsin sun saurara, sai a juya. Ba ta bukatar littafi ko lantarki. Mai jin kunya ya gwada amsarsa a kunnen aboki kafin ya fito da ita gaban jama'a.

Sai jira. Mary Budd Rowe, wata malamar kimiyya a Amurka, ta naɗi darussa masu yawa a farkon shekarun 1970, ta tarar malamai ba sa jiran amsa fiye da sakan ɗaya kafin su maimaita tambaya, ko su wuce ga wani, ko su amsa da kansu. Da aka koya musu jira na sakan uku ko fiye, amsoshi suka tsawaita, yaran da ba sa magana suka fara, "ban sani ba" ta ragu. Sakan uku ba ya cin kasafin kuɗi.

Irin tambayar ma na da tasiri. "Shuka na bukatar ruwa, ko ba haka ba?" amshi take nema. "Me ya sa geron da ke gindin bishiya bai kai na fili tsawo ba?" tunani take nema, kuma ɗan manomi yana da abin faɗa a kai fiye da abin da ke cikin littafi. Idan ya amsa, kada a rufe da "a tafa masa" a wuce. A ce masa, "Ta yaya ka sani?" A juya ga wata a ce, "Me ya ce? Kin yarda?" Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ke koyar da sauraro, don yaranmu sun saba kunnensu na malam ne kaɗai, idan ɗan'uwansu na magana lokacin hutu ne. Ranar da suka san za a iya tambayar su abin da abokinsu ya faɗa, ranar za su fara jin juna. A Ingila an gwada koyarwa ta irin wannan tattaunawa, wadda Robin Alexander ya tsara, a kan yara kusan 5,000 'yan aji biyar. Sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna sun tsere wa takwarorinsu da kimanin ci gaban wata biyu a Turanci da kimiyya, bayan makonni 20 kacal.

Sauran kayan aikin namu ne na gado. Minti goma na labarin safiya, yara biyu ko uku su faɗi abin da suka gani a hanya ko a kasuwa. Tatsuniya ranar Alhamis, malam ya tsaya a tsakiya ya ce me kuke zaton Gizo zai yi. Wasan aike, a raɗa wa yaro saƙo mai gaɓa uku ya kai ƙarshen aji. A kafa kasuwa da duwatsu da murafen kwalba a yi ciniki a darasin lissafi. A gayyato wata tsohuwa daga unguwa ta ba da labarin yadda garin yake kafin a kawo famfo, yara su shirya tambayoyinsu tun jiya. Muhawara kuma a fito da ita daga hannun zakaru huɗu da ake haddace wa jawabi don ranar ba da kyaututtuka, ta zama ta kowa, a kan abin da ya shafe su, kamar ko ya dace a riƙa share aji kafin darasi ko bayan an tashi. A sa ido musamman a kan 'yan mata, waɗanda sau da yawa ke tattaruwa gefe guda a lulluɓe da hijabi, shekara ta fita ba a san muryarsu ba.

Duk wannan zai kawo hayaniya, kuma a nan ne hedimasta zai iya kashe shi ko ya raya shi. Idan ya leƙo ya ji aji na guna-guni ya ce malam ya kasa riƙe yara, gobe malamin zai koma amshin taro. Kwalejojin ilimi da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna su ma sai sun koyar da ɗaliban malanta ta wannan hanya, don wanda ya yi shekara uku yana kwafar lacca ba zai fito ya buɗe bakin yara ba. Jarrabawa kuma ita ce uwar tafiya. Har a ƙarshen sakandare, sashen da WAEC ke kira gwajin furuci a Najeriya a rubuce ake yin sa, ɗalibi ya zaɓi amsa bai buɗe baki ba. Abin da ba a aunawa, malami ba zai ɓata alli a kansa ba.

Kunnen ƙashi ko ciwon kunne?

Akwai yaran da duk dabarun nan ba za su kai gare su ba, don da gaske ba sa ji sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne a duniya ke da raunin ji da ke bukatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara daga abubuwan da za a iya kauce musu yake zuwa. Mun san su a gidajenmu: sanƙarau, ƙyanda, hangum, da kunnen da ke zubar da ruwa wata da watanni ana toshe shi da auduga. Yaron da kunnensa ɗaya ya yi rauni, aka zaunar da shi a bayan aji mai mutum ɗari, rabin maganar malam iska ce a wurinsa. Sai a ce kunnen ƙashi gare shi, a dake shi a kan abin da bai ji ba. Malami na iya ganewa ba tare da na'ura ba. Yaron da kullum yake kallon bakin mai magana, yake juyo da gefe guda, yake cewa "na'am?" sau biyu, ko yake leƙen littafin maƙwabci kafin ya fara aiki, a tsaya a bayansa a kira sunansa a hankali a gani. A dawo da shi gaba, a shaida wa iyaye su kai shi asibiti. Wanda jinsa ya tafi gaba ɗaya, akwai maganar hannu da kuramenmu suka daɗe da ita, akwai kuma makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, ko da yake sun yi kaɗan ƙwarai.

Haka mai in'ina. Kimanin yara biyar cikin ɗari sukan yi ta a wani lokaci, kuma mafi yawansu takan bar su. Abin da ke mai da ita tabo shi ne dariyar aji da malamin da ke ƙarasa masa kalma don sauri. A jira shi ya kai ƙarshe da kansa, a kuma hana kwaikwayonsa kamar yadda ake hana zagi.

Jihohi da dama sun ce sun ɗauki ilimi da zafi, Kano ma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a Yunin 2024. Ana gina azuzuwa, ana raba benci, duk ana bukata. Roƙona ga hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi shi ne su ware wa magana da sauraro lokaci a jadawalin aji ɗaya zuwa shida, su soke rubuta sunayen masu yin harshen gida, su kuma sa mai duba makaranta ya riƙa zama a bayan aji yana ƙirga yara nawa ne suka faɗi jimla tasu kafin a kaɗa ƙararrawa. Kai kuma uba, ke kuma uwa, idan yaro ya dawo gobe kada ku tsaya a duba littafinsa ko an yi masa maki. Ku ce ya koya muku abu ɗaya da aka koya masa, ku ajiye waya, ku bar shi ya kai ƙarshe ko da yana tuntuɓe, sannan ku yi masa tambaya a kai.